Kaza da Lemu Kafin Ƙarfe Bakwai

Talata, 14 ga Janairu

Yau da safe, kafin in tafi wurin faci, na hango Papa, mahaifina, ta tagar banɗaki. Ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro wani farin kwali daga cikin rigarsa ya jefa a kwandon sharar Doña Chela, maƙwabciyarmu. Ba a namu ba, a nata. Ya goge yatsunsa a wando, ya dawo yana fito.

Da ya shiga ɗaki na je na duba. Kwalin gidan abincin 'yan China ne na bakin titi. Kaza da lemu. Romon ya daskare a gindi kamar zuma, har tururuwa sun iso.

Wata uku ina dafa masa kifi da kabewa, ina auna shinkafarsa da ƙaramin kofi saboda ciwon sukari. Ashe.

Yayata Nidia ta faɗa tun Kirsimeti: ran 31 ga wata za a yi babban gwajin jini. In sukarin bai sauka ƙasa da takwas ba, za ta ɗauke shi daga garinmu La Chorrera zuwa gidanta a birni, bene hawa na tara. Papa ya ce sai dai a hau da gawarsa.

Na rufe kwandon, na tafi aiki.

Laraba, 15 ga Janairu

Nidia ta kira. “Cheo, yana bin dokar?” Na ce yana ƙoƙari. Ta ce ba ƙoƙari ta tambaye ni ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na biya gidan abincin da rana. Mai wurin, Señora Chong, tana bayan kantar sayarwa, na tambaye ta tsohon nan mai farar hula. Ta ce, “Don Aristides? Litinin da Alhamis. Na jikansa ne, in ji shi.” Na ce ni ne ɗansa na ƙarshe, kuma jikan da yake da shi ɗaya ne, ba shi da haƙori tukuna. Ta rufe baki tana dariya, sai kuma ta daina.

Na ce ta gaya min abin da ke ciki. Ruwan lemu, citta, tafarnuwa, baƙin romon waken suya, farin garin masara don ya yi kauri. Da sukari. Na ce nawa? Ta nuna min ludayi.

Ta ce in zan yi ba sukari, to in dogara da ɓawon. A can ƙamshin yake. Ta sa na maimaita sau biyu don ta ga ban rubuta ba. Ban gaya mata rubutuna sai ni kaɗai ke karanta shi ba.

Ta ce in na so ta daina sayar masa. Na ce a'a. Zai canja gida ne kawai, in rasa inda zan bi shi.

Asabar, 18 ga Janairu

Ɗan kawuna Abdiel ya sake kira. Aikin tashar jirgin ruwa a Colón yana nan, farkon Fabrairu, har da ɗakin kwana. Na ce ina tunani.

Zan rubuta nan tunda ba mai gani: wani lokaci ina so gwajin ya yi sama. Na rubuta. Allah ya yafe min.

Litinin, 20 ga Janairu

Ina tashi aiki shida, in iso gida shida da rabi, ƙwayar maganinsa kuma bakwai, dole da abinci. Minti talatin nake da su.

Na yanka cinyoyin kaza ƙanana, na juya su a garin masara, mai kaɗan a kasko. Na kankare ɓawon lemu har da farin ciki duka, na zuba. Bakwai saura biyu na ajiye.

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya gane na sani. Ni ma na gane ya gane. Ya sa loma ɗaya a baki, fuskarsa ta tattare.

“Wannan kazar, me ta yi maka?”

Ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na cinye nawa don kada in ba shi gaskiya. Shi ma ya cinye, ina jin don wannan dalilin.

Talata, 21 ga Janairu

Na kwashe sukarin gidan duka, har da zumar da ya ɓoye bayan tsohon rediyo, na kai wurin aiki.

Alhamis, 23 ga Janairu



Wata babbar mota ta shigo shida saura, taya biyu. Maigida ya ce ba inda zan je. Na kira Papa sau uku bai ɗauka ba. Na iso gida takwas saura kwata.

Yana kujera, rigarsa jiƙe sharkaf, idonsa a kaina amma kamar bai san ni ba. Ya sha ƙwayar ba abinci, wai yana jirana. Ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu.

Likita ya taɓa cewa in haka ta faru, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Na buɗe kabad. Babu. Ni na kwashe. Na tsaya kamar gunki, sai na tuna ledar da ke hannuna. Lemu huɗu na miyar kaza. Na yayyaga su da haƙori, na matse a kofi, har da 'ya'yan, na riƙe kansa ina ba shi kaɗan-kaɗan.

Minti goma ko shekara goma, ban sani ba. Sai ya ce, “Cheo, ka cika min gemu da lemu.”

Doña Chela ta ji ina kiran sunansa, ta shigo da silifa ɗaya. Ta ga komai. Ita da Nidia kuma kullum suna waya.

Mun ci kaza ba lemu.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na mayar da sukarin. Na ajiye a saman firji inda kowa ke gani.

Ya ce, “Jiya Alhamis ce, ko?” Na ce eh. Ya ce, “Ban je ba.” Shi ke nan. Ban tambaye shi ina ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Na dawo shida da rabi na tarar da shi a teburin kicin da tsohuwar askarsa, wadda ya yi shekara arba'in yana aski da ita a shagonsa. Ya wasa ta, ya tafasa ta. Lemu a hannun hagu, yana juya shi kamar kan yaro.

“Aske shi ake yi, jaki. Kai feɗe shi ka yi.”

Ɓawon yana sauka siriri, har ana ganin haske ta cikinsa, ba fari ko ɗigo. Ya riga ya yanka kazar, ya daka citta da tafarnuwa. Ni dai na kunna gas. Da ɓawon ya taɓa mai, kicin ya cika da ƙamshin nan, sai na ga ya rufe ido. Ruwan lemu ɗaya tal na mu biyu, na bar shi ya tsotse a wuta har ya kama jikin naman. Minti ashirin.

Ya ce bai kai na Señora Chong ba. Ya ƙara ɗiba. Ya ce in daina zuba masa a wancan ƙaramin farantin kamar kyanwa, daga kasko ɗaya za mu ci. Na bar kofin awo a rataye, amma idona na kan cokalinsa. Ya ce in ci gaba da kallo, wataƙila in ƙoshi.

Laraba, 29 ga Janairu

Abdiel yana son amsa ran Lahadi. Na yi magana da shi a bayan gida, a hankali. Nidia ba ta kira ba kwana biyar. Shirunta ya fi faɗanta.

Juma'a, 31 ga Janairu

Takwas da ɗigo biyu. A baya tara da rabi ne. Likita ya ce madalla. Papa ya ninke takardar sau huɗu ya sa a hula. Nidia za ta zo gobe.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sun iso wajen goma, mijinta Rigoberto ya tsaya a mota da injin a kunne. Ta san maganar Alhamis, har da silifar.

Ta fara da ni. Da ya mutu fa? Da na ƙara minti ashirin fa? Gaskiyarta ce. Muna cikin haka Papa ya fito daga ɗaki da farar rigarsa ta zuwa coci, da jaka a hannu. Ya haɗa kayansa da kansa. Ban san yaushe ba.

Ya ce, “Mu tafi, 'yata. Yaron nan yana da aiki a Colón. Na ji shi a bayan gida, yana zaton kunnena ma sukari ya ci.”

Nidia ta juyo. “Gaskiya ne?”

Na ce eh.

“To ai shi ke nan.”

Ya kai ƙofa. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga jakar a hannuna. Ya ja, na ja. Na ce ba inda za shi. Na ce tara da rabi zuwa takwas da biyu ba wasa ba ne, ta ba mu wata uku. Na ce zan gaya wa maigida ko mota ɗari ce a layi, shida zan tafi, in bai yarda ba ya nemi wani. Na ce Colón ba za ta nutse a teku ba.

Papa ya ce, “Kai wawa ne.” Na ce a gida na koya.

Nidia ta zauna a matakala ta daɗe tana kallonmu. Ta ce ta ba mu zuwa ƙarshen Afrilu, kuma kullum bakwai zan kira ta ta ga farantin da idonta. Na kai jakar ɗaki na zazzage ta a gado. Askar tana can ƙasa, naɗe a safa.

Na aika wa Abdiel saƙo cewa ba zan zo ba. Gajere.

Wai ihu na yi. Ni da ko a wurin aiki ba a taɓa jin muryata ba. Ban tuna na yi ba, kuma ba na jin na yi. Amma Nidia ta ce na yi, Rigoberto ya ce har cikin mota ya ji ya kashe injin, Doña Chela kuma tana jikin katanga da kwandon wankinta tun daga farko har ƙarshe.