Keken Aro

Litinin, 3 ga Maris
Gajera ta buɗe shago na uku. Na je na taya ta murna har zuciya. To, rabin zuciya. A hannun mace ɗaya muka koyi ɗinki, ni ce ma ke gyara mata wuyan riga in ta ɓata. A ina hanyarmu ta rabu? Abin ya tsaya mini a rai.

Laraba, 5 ga Maris
Na tambaye ta ba kwana-kwana. Ta ce guminta ne kawai, ko allura ba wanda ya ba ta kyauta. Na ce keken ɗinkin da kika fara da shi fa? Wai na babanta ne, aro ya ba ta. Shagon farko? Garejin kawunta, shi ma aro. Na ce kin mayar? Ta dube ni kamar na zare.
"Wa zai tambaya?"
Ikon Allah. Ashe a gidansu aro ba ya komawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ni da keken haya na fara, a lungun shagon wani. Rabin abin da na ɗinka na mai keke ne. Shekarun da na yi ina taka wa wani, ita kanta take taka wa. Ba ƙarya ta yi ba, ta yi gumi. Amma nawa ma ai ba ruwan famfo ba ne. Na ji haushi, gaskiya.

Asabar, 8 ga Maris
Mai gyaran keke ya samo wanda zai sayi tsohon kekena, na farko da na saya da kuɗina. Da kuɗin zan gyara rufin ɗaki kafin ruwa ya sauko. Bokiti ya gaji da tarar yoyo, ni ma na gaji.

Lahadi, 9 ga Maris
Auta, ɗiyar Yaya, ta gama koyon ɗinki. Ta shigo da tsalle, wai ta samu keken haya a lungun wani shago, raba-daidai. Na ce Allah ya sa albarka. Da ta fita na tsaya ina kallon tsohon kekena.

Talata, 11 ga Maris
Na ce wa mai gyara a dakata da cinikin, keken yana ƙara. Ba ya ƙara.

Juma'a, 14 ga Maris
Auta ta zo ta ɗauki keken. Na ɗaure fuska na ce kada ta ɗauka kyauta ce, aro ne.
"To Gwaggo, yaushe zan dawo da shi?"
Na ce ta ɓace mini da gani, ina da aiki.
Da yamma na sayo bokiti na biyu.