Ƙaryar da na yi kan ɗakin manya za ta ci shanun aminiyata

Assalamu alaikum jama'ar wanga guruf. Admin ka ɓoye sunana kamar yadda munka yi da kai, kuma ka rubuta yadda na faɗa, kar ka gyara mani zance. Ban yi boko ba, murya na aiko, amma a magana ba a taɓa gyara mani ba. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku gare ni rak.

Ni tsohuwa ce a ƙasar Kaura, na fi shekara talatin ina fataucin hatsi tsakanin Moriki da Kaura, ba a raina ni a garinmu. Ɗana na fari na aiki a birni, Allah ya buɗa mashi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ɓoyo ba, tun da na haife shi sunan bai taɓa fita bakina ba. Haka munka taso, ɗan fari ba ki kiran sunansa, ba ki yi mashi wasa gaban mutane, ba ki yaba shi. Yau ga shi har furfura ta fara fito mashi, ban taɓa ce mashi ya kyauta ba. In ya yi abin kirki sai in ce Allah shi yi albarka, in kau da kai.

Wata huɗu da sunka wuce ya biya mani Umara. Da kansa ya kai ni filin jirgi, a bakin ƙofar da ba a barin 'yan rakiya ya duƙa ya miƙo mani tikiti da hannu biyu, ya ce Inna wanga bizines ne, akwai ɗakin manya da za ki jira jirgi a ciki, yau ba za ki yi cunkoso da kowa ba. Na ga yadda idonsa ke ƙyalli. Na ce to.

Wata yarinya mai kayan aiki ta ja ni har ƙofar ɗakin, ƙofa ta gilashi mai buɗe kanta. Na shiga da bisimilla. Jama'a, tashar motar Kaura ranar jajibirin salla ta fi wurin nan sarari. An jinkirta jirage, kowane mai babbar riga ya taru ɗaki guda. Kujerun kushin ne masu kyau, amma kowace ko dai da mutum ko da jaka, don babban mutum sai ya zauna bisa ɗaya ya zaunar da jakarsa bisa ɗaya. Na tsaya da sandata kan wani mai kwat wanda bai kai ɗana na uku ba, ya ɗago ya dube ni tun daga gyale har silifa, ya mai da kai ga waya. A tasha, ɗan kamasho da bai yi wanka ba zai ture fasinja daga benci ya ce Inna zauna. Nan kuwa turare ne ke tashi, tarbiyya babu ko ta ƙwandala.

Abin da na samu daga ƙarshe wata doguwar kujera ce marar majingina, sai da na dafa na hau kamar mai hawan jaki. Ƙafafu na reto, sanyin esi na shiga guiwa. Ina nan bisa ina kallon ikon Allah. An fito da abinci cikin wasu farantai, sai na ga manyan nan sun miƙe gaba ɗaya, har da ture juna da kafaɗa, kai ka ce takin gwamnati ake rabo. Kafin in sauko an sharce. Abin da ya rage wani burodi ne da ganye a tsakiya, girman akwatin ashana. Wasu Alhazai biyu kuma na ga sun kusa cin kwalar juna kan wurin cajin waya, kowa na tambayar ɗan'uwansa ko ya san shi wane ne. Ni dai ban san ko ɗaya ba, kuma ban yi asara ba.

Ban-ɗakin mata ƙofa biyu ne, layi har waje. Na shiga, ba buta, sai takarda. Famfon kuma sai kin yi ta shawagi da hannu a gabansa kamar mai roƙo kafin ya tsiyayo maki. Mata na ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu don alwala, ƙasa duk ruwa, saura kaɗan in zame. Wurin salla wani lungu ne, mutum biyu sun cika shi. Da na nemi shimfiɗa gyalena gefen bango in miƙe ƙafa, wani ma'aikaci ya zo cikin ladabi ya ce Mama ba a zaman ƙasa a nan. Wato ba kujera, ba kuma ƙasa. Mi ya rage, in rataye?

Awa uku na yi, ƙafafuna sunka kumbura har silifa ya ƙi shiga. Sai na cusa tikitin nan cikin lalita na sulale. Yarinyar ƙofa ta ce Mama ai an biya maki, na ce na yafe. Na gangara wurin jiran talakawa, can na tarar da wasu mata 'yan wajen Gummi, ba wadda ta san ni, sun baje tabarmi bayan kujeru, ga butocinsu, ga dambu da ƙuli-ƙuli. Sunka matsa mani. Wata ta shafa mani man zafi a ƙafa, na yi matashi da jakata na yi barci har anka kira jirgi. Tsakani da Allah kujerar cikin jirgin ba laifi, amma ɗakin nan da ya fi yi mani kirari a kansa, ko akuyata ba zan ɗaure ciki ba.

To da na dawo gida mata sunka cika tsakar gida sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Aminiyata, bari in ce mata Ige, ta ce ke ba mu labarin ɗakin manyan da ɗanmu ya saya maki. Mi zan ce? In ce yaron ya zuba dukiyarsa ya saya wa uwarsa tsayuwa? Ba a raina kyauta, balle gaban mutane. Na ce ai sai wanda ya gani. Daga nan baki ya kwashe ni. Ni kuwa in na kama labari ko mai daka sai ta aje taɓarya. Na ce kujerun na yi maki tausa da kansu, na ce 'yan mata ke zuba maki ruwan ɗumi kina alwala, na ce gasassun kaji har sai kin ce a ɗauke, na ce akwai gado ga mai son kishingiɗa. Kafin kwana uku har ƙoramar ruwa na sa a tsakiyar ɗakin. Kuma a ƙarshen kowane labari sai in ce, duk wanda ya haifi irin wancan yaro bai yi haihuwar banza ba. Na faɗa ne don na san ba ya nan.

Ashe matar ƙanensa ta ɗauki muryata a waya ta aika mashi. Ya kira ni, ya ce Inna ashe kin ji daɗi. Na ce ba laifi. Sai ya ce ya gode. Matarsa ta gaya mani har yau a mota yake kunna muryar nan in zai tafi aiki. Yabo guda da ya taɓa ji daga bakina ke nan, kuma bisa ƙarya na ɗora shi.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi. Ige ta daɗe tana tarin zuwa Umara, bana ya cika. Tana da ciwon ƙugu, ba ta iya tsayuwa ko ta dafa shayi, kuma abin da take tsoro a tafiyar duka shi ne jira. Sai ta ce ita ma ɗakin manya za ta shiga. Tarin bai kai nan ba, don haka za ta sai da shanun nomanta biyu. Su kaɗai sunka rage mata bayan ɓarayin daji sun kore garkensu, da su ɗiyanta ke huɗa, ga damina ta ƙarato. Ɗiyan sun yi magana, ta ce nata ne na gado, sau ɗaya a duniya ita ma za ta zauna kujera mai tausa.

Na je na gwada ta gefe. Na ce Ige duniya ba bakin komi ba, ibada za ki yi ba hutu ba, kuma na ji ana tura tsofaffi a keken guragu kyauta. Sai ta hau ni, wai na ci kajina na ƙoshi ina yi mata baƙin ciki, wai so nake a ce ni kaɗai ce a garin na taɓa shiga, wai tun muna 'yan mata haka nake. Shekara hamsin muna tare, ranar na fita gidanta ba ta raka ni ko bakin zaure ba.

Za ku ce in gaya mata gaskiya a asirce. Ba ku san Ige ba. Cikinta kwando ne, abin da ta ji da azahar kafin la'asar ya kai Zurmi. Kuma ita ta goya yaron nan lokacin da ni kunya ta hana ni, ita ke kiran sunansa, duk Juma'a sai sun yi waya. Da dariya za ta gaya mashi, ta ce ashe ƙasa uwarka ta kwana cikin 'yan dambu. Dariyar matan gari ba ta dame ni ba, na fi ƙarfinsu. To, ta ɗan dame ni. Amma shi nake ji. Zai kashe muryar nan a motarsa, kuma ba ni da wata da zan ba shi.

In kuwa na yi shiru, ranar Alhamis za a kai shanun kasuwar Shinkafi. Ige za ta je ta tsaya da ƙugunta kan wani mai kwat, ta dawo ba shanu, ɗiyanta na noma da hannu, kuma labarin ya fito duk da haka, da zafi.

Masu cewa Mama ki tuba, na sani, na riga ku, ba wa'azi na zo nema ba. Masu cewa kunyar ɗan fari tsohon yayi ce, ku riƙe naku yayin, na ga masu shi a ɗakin manya. Wata dabara nake nema da za ta bar wa Ige shanunta ta bar wa yaron nan farin cikinsa. In kun ga babu, to ku gaya mani wa zan fara tunkara. In Ige ce, na san hanyar gidanta. In kuma shi ne, ku koya mani yadda ake farawa, don ni ko sunansa ban taɓa faɗi ba. Yau Litinin.