Na Gyara Sarber, Na Rasa Wanda Zan Gaya Wa

Assalamu alaikum Tanti Rabi,

Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da layi biyu ne. Matsalata ba irin wadda aka saba kawo miki ba ce. Ba na faɗa da kowa, ba wanda ya zalunce ni. Wani inji ne da ban taɓa gani da idona ba ya hana ni sukuni, kuma duk garin nan na rasa wanda zan zauna da shi in faɗa masa abin da ke damuna ya gane.

Na yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram. Aure ya kawo ni Tanut. Maigidana, Abdurrazak, ma'aikacin kiwo ne, kullum yana daji wajen allurar dabbobi, yau Tenhya gobe bayan Belbeji. Ni da mahaifiyarsa, Inna Nana, muke gidan.

Tun muna lekol, wato makaranta, ni da ƙawata Febi muka haɗa wata manhaja ta cigiyar dabbobi. Febi ƴar Damagaram ce, Kirista, benci ɗaya muka zauna har muka gama. Abin da manhajar ke yi shi ne: in taguwar mutum ko saniyarsa ta ɓata, a ɗauki hoton shaidar da ke jikin garkensa, a rubuta inda aka gan ta ƙarshe, a saka. Ma'aikatan rediyon karkara da masu kula da kasuwar dabbobi a Gangara ko Falanko su buɗe su gani. Yanzu sanarwar baki ake yi a rediyo, kuma kin san shaidar raƙumi ba ta kwatantuwa da baki, sai an gani.

Da na nuna wa shugaban wata ƙungiyar makiyaya a nan, Alhaji Hashimu, ya ji daɗi ƙwarai. Ƙungiya ta kama mana hayar wuri a sarber, wato babbar ordinatar da ke wata ƙasa, wadda ake ɗora shafi a kanta don kowa ya iya buɗewa daga salularsa. A lokacin Febi ta riga ta samu aiki a Yamai. Ta ce in ɗora, ai ba wuya.

A ordinatar ɗina manhajar tana tafiya lafiya lau. Da na ɗora ta a sarber na buɗe, sai farin shafi fes, ko harafi ɗaya babu. Na zauna ina kallonsa kamar an rufe mini ƙofa ba a ce komai ba. Na sake ɗorawa, rezo, wato layin sadarwa, ya yanke a tsakiya. Na sake, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Daga baya na gano samfurin PHP, wato harshen da muka rubuta manhajar da shi, wanda ke sarber ya girme wa wanda muka yi aiki da shi, na canza. Farin shafi ya tafi, wani saƙo ya fito wai ba a iya haɗuwa da rumbun bayanai ba. Wannan ma na bi shi har na gano adireshin tsohuwar ordinatar ɗinmu ne ya rage a cikin saiti. Duk wannan ni kaɗai, a ɗakin da ƙungiya ta ba ni bayan ofishinta, da fanka da ba ta juyawa sai ta ga dama. Ina shiga zaurukan intanet inda masana ke amsa tambayoyi, in karanta matsalar wani mutum da ya rubuta shekaru da suka wuce, ya dawo ƙasa ya ce ya gyara, bai faɗi yadda ya yi ba. Wallahi Tanti har haushin mutumin nake ji kamar na san shi.

Ranar da aka sa don nuna wa jama'a ranar kasuwa ce. An zo daga Gangara, an zo daga Tenhya, ma'aikatan rediyo sun zo. Cikin mutanen akwai wani dattijo, Baba Dodo, wanda taguwarsa mai ciki ta ɓata. Alhaji Hashimu ya ce da tasa za a fara. Na buɗe shafin a gaban kowa, sai jan gargaɗi ya fito cewa shafin ba shi da tsaro, don ban sa masa sertifika, wato takardar tsaro, ba. Na tsallake wannan. Na rubuta sunan Baba Dodo, na zaɓi hoton shaidarsa, na danna. Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya ce an samu kuskure. Na sake, haka. Na sake.

Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi dariya. Baba Dodo ya gyara rawaninsa ya ce, "Ba komai ɗiyata, Allah ya yi miki albarka," ya tashi ya nufi gidan rediyo ya ba da sanarwa irin ta da. Alhaji Hashimu ya ce in huta tukuna, in ya gyaru a sake magana. Tun ranar bai sake tayar da zancen ba, in mun haɗu sai gaisuwa.

Ban bari ba. Na sa sertifika. Na gano dosiyen, wato ma'ajin da hotuna ke shiga, ba a ba shi izinin karɓar komai ba, kuma hotunan salula sun fi girman da sarber ya yarda da shi. Wata la'asar na danna, hoton shaidar Baba Dodo ya fito tas a shafin. Na miƙe tsaye ban sani ba. Na juya don in ce wa wani ya zo ya gani, ba kowa sai kujeru. Na kira maigidana, ba rezo inda yake. Na aika wa Febi saƙo, sai washegari ta turo hoton hannu yana tafi. Na koma gida na ce wa Inna, "Inna, abin nan ya yi!" Ta ce, "To madalla. Kin sayo kanwar?" Ba laifinta ba ne, tana ƙaunata, amma a wurinta wasan waya nake yi, har ta taɓa tambayata ko injin nan ba shi da mai shi ne da ni zan riƙa jinyarsa. Taguwar Baba Dodo kuwa har yau ba a gan ta ba. In na hango shi a kasuwa sai in canza hanya.

Yanzu manhajar tana aiki, amma ba kullum ba. Wani lokaci sai ta faɗi ta nuna saƙon kuskure mai lamba ɗari biyar, ta tashi da kanta, ban san dalili ba. Kamfanin da muke haya a wurinsa ya aiko cewa zai sabunta injinansa, ni kuma gabana faɗuwa yake kada komai ya sake rushewa. Ba mai amfani da ita ma sai ni, don ina jin kunyar in sake tara mutane.

Ana cikin haka Febi ta ce ana neman mutum a wurin aikinsu, in zo Yamai. Ta ce can in abu ya ƙi, juyawa kawai za ki yi ki tambayi na kusa da ke. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na gaya wa maigidana, ya ce yadda na ga ya fi. Ban san ko yarda ce ko fushi ba. In na tafi, manhajar ta mutu, don a nan ba wanda ya san ko ƙofar shigarta. In na zauna, ina tsoron in tsufa ina magana da inji. Tanti, in tafi ko in zauna? Kuma laifi ne mutum ya gaji da abin da shi ya ƙirƙira?

Taki,
Mai jinyar sarber, daga Tanut, ƙasar Damargu

*

Wa alaikumus salam ɗiyata,

Ba laifi ba ne. Kin gaji ne saboda kin ɗauki aikin mutum uku ke kaɗai, ba don aikin ba shi da amfani ba. Kuma tun da ba ki samu wanda ya faɗa miki ba a waccan la'asar, ni na faɗa: sannu da ƙoƙari, kin yi abin a yaba.

Ni ban san sarber ba, don haka na kai wasiƙarki wurin Malam Hamidu mai kula da shafin jaridarmu. Ya karanta yana gyaɗa kai, ya ce duk abin da kika lissafa shi ma ya same shi, har da faɗuwa a gaban mutane. Ga abin da ya ce. Kafin ki taɓa komai, ki kwashe kwafin manhajar da na rumbun bayanai ki ajiye a wuri biyu. Ki buɗe wani shafin gwaji daban, duk canjin da za ki yi ki fara gwada shi can, har da sabuntawar da kamfanin ya ambata. Lamba ɗari biyar ba ta faɗin dalili, amma sarber yana rubuta kowane kuskure a wani fishiye, wato ɗan kundi da ke cikinsa. Ki duba abin da ya rubuta daidai lokacin da shafin ya faɗi. Sannan ki aika wa masu taimako na kamfanin wannan rubutun yadda yake. Amsa tambayarki na cikin hayar da ƙungiya ta kama, ba alfarma za su yi miki ba. Ya ƙara da cewa ki sa manhajar ta rage girman hoto tun a salula, saboda rezon ƙauye. Ya kuma yarda in haɗa ku, akwai zauren masu irin aikinku da yake ciki. Ki aiko da lambarki ofis.

Yanzu nawa ɓangaren. Kin ce ba mai amfani da manhajar sai ke. Wa ya san ta gyaru? Alhaji Hashimu ya ce in ta gyaru a sake magana, ke kuma kina jira shi ya tayar. Wataƙila shirunsa kara yake yi miki, kada ya fama miki ciwo. Ki je ki same shi. Ba sai an tara jama'a ba. Ki roƙi a ba ki mutum ɗaya a gidan rediyo da ɗaya a kasuwa, ku gwada a hankali, ki koya musu yadda ake shiga da yadda ake ajiye kwafi. Kalmomin sirri kuma kada su zauna a kanki ke kaɗai. Baba Dodo kuwa ki daina guje masa. Ba ke kika ɓatar da taguwarsa ba. Ki gaishe shi, ki nuna masa shaidarsa tana nan a shafi ana cigiya.

Febi ba ta yar da ke ba, sabon aiki ne ya sha mata kai, ga shi har wuri take nema miki. Ki daina aika mata rubutu kina jiran amsa. Ki kira ta da murya, ku tsayar da rana guda a mako, ku taɓa aikin, ku yi hirar duniya.

Maigidanki ma ki zauna da shi in ya dawo, ba a waya ba. Namiji kan ce "yadda kika ga ya fi" alhali ransa bai so, don kada a ce shi ya tare miki hanya. Ki tambaye shi abin da yake so, ki faɗa masa kaɗaicin da kike ciki da bakinki. Ina zaton bai san ya kai haka ba.

Zancen Yamai ba zan ce miki kada ki je ba. Son zama cikin waɗanda suka san aikinki ba son zuciya ba ne, kuma ilimi yana ƙaruwa ne cikin mutane. Amma can ma akwai nata kaɗaicin, ga gida da za ki bari a baya. Abin da ba na so shi ne ki yanke hukunci da zafin ranar kasuwar nan a zuciyarki. Ki tambayi Febi ko za su iya jiranki zuwa bayan kaka, ko akwai aikin da za ki riƙa yi musu daga Tanut. Kafin lokacin ki yi abubuwan da na faɗa. In kin zauna, ki zauna da abokan aiki. In kin tafi, ki tafi kin bar abu a hannun mutane, wanda za ki iya leƙawa daga nesa.

Allah ya ba ki abokan shawara na gari, ya dawo da maigidanki lafiya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri. Ki gaishe mini da Inna.

Tanti Rabi