Wutar da Ta Tsallake Gonar Surukin Shugaba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Ɗan tarin nan hayaƙi ne kawai, kada ki faɗa mata.

Dajin da muke gadi ya ƙone. Shugaban aikinmu ya ce tsawa ce ta faɗo, amma ranar ko gajimare babu. Ƙasar ta yi tauri, in ka zuba ruwa sai ya gangare kamar a kan faranti. Ruwan farko ya kwashe tokar zuwa rafi, yanzu ƙaya ce kaɗai ke fitowa inda muke tsinkar ganyen magani a da.

Abin da ya tsaya min a rai, wutar ta tsaya cak a bakin gonar surukinsa, kuma tun kafin gobarar aka share gefenta. Jiya na ga ana auna wurin da ya ƙone. Da na tambayi shugaban dalili, sai ya ce, "Kai, ka gaji da aikin nan ne?"

Na yi dariya na ce a'a. Ku sa ni a addu'a. In za ki amsa, kada ki aiko ta ofishinmu, shi ke karɓar wasiƙu.

Ƙaninki.