Kada a Sake Tsige Ganyen Inabin Umma

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Kwamitin Lambun Jama'armu na garin Hyattsville, nan ƙasar waje.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, tare da neman afuwa. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ku, ga ni ina rubutu inda kowa zai karanta. Da Umma ta yi magana a taronku da ban rubuta ba, amma sunkuyar da kai ta yi ta dawo gida.

Na ɗaya. Gindi huɗu na inabi Umma ta dasa a jikin shingen lambu. Bara a watan Satumba kuka sa aka tsige ganyensu kaf, aka zuba musu taki, kuka ce haka kuke yi a gonarku ta Zariya. Ban musa ba, can sai an tsige ganye inabi ke hutawa ya sake toho. Amma Baba, ƙanƙara ba ta sauka a Zariya.

Na biyu. Malamarmu ta kimiyya ta koya mana cewa ganyen da ya rage bayan an ɗebe 'ya'ya shi ke tara wa itace abincin da zai jure sanyi da shi, taki kuma a ƙurarren lokaci sabon toho mai laushi yake jawowa. Da idona na gani. Tohon ya fito kore shar, sanyin farko ya mayar da shi kamar dafaffen alayyahu. Uku ba su sake farkawa ba. Na huɗun nonon 'ya'ya biyu kacal ya yi bana, alhali a da har 'yan'uwanmu na Landover muke aika wa.

Na uku, wanda ya fi yi mini ciwo. A taron an ce sakacin Umma ne, wai ba ta ban ruwa. Umma da ke sauka daga jirgin ƙasa da kayan aikinta na asibiti a jikinta, ta wuce lambu kafin ta ga gida! Duk wanda ke wurin ya san wannan, ba wanda ya kare ta.

Ga shi yanzu an sanar cewa Asabar mai zuwa za a sake tsigewa. Gindi ɗaya fa ya rage mata.

Roƙona: a bar masa ganyensa har ya zuba da kansa, a ajiye taki sai sanyi ya wuce, a kuma wanke Umma a gaban mutanen da aka ɗora mata laifi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa ku gama da duniya lafiya. Idan kun ba ni izini, zan so in sake rubuto muku a watan Afrilu, in gaya muku ko ya farka.

Wassalam.

'Yarku,
Rukayya