Katin Kirsimetin da Na Binne a Ƙofar Surukata

Anti Ladi, don Allah ki taimake ni, alherina ya zame mini abin nuni a garin mijina.

Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Yelwa, aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Wara. Kirsimetin bana na ce ba zan sayi katin kasuwa ba, wanda ake karantawa a yar. A waya na ga wata dabara: a jiƙa tsofaffin takardu, a kirɓa a turmi, a barbaɗa iri, a shimfiɗa a rariya su bushe. Na sa irin alayyahu da yakuwa. Kowane kati na rubuta sunan mai shi da jan biron da nake duba aikin yara, na ƙara da cewa a binne a ba shi ruwa, zai fito.

Na Inna, uwar mijina Dauda, ya fi kowanne kyau. Da na je ba ta nan, ta tafi lambun albasarta a bakin ruwa. Sai na ce bari in yi mata ba-zata. Na tona ƙofar ɗakinta na binne, na yayyafa ruwa. Ashe maƙwabciyarmu Asama'u tana leƙe ta katanga. Kafin yamma an tono, ga sunan Inna da ja, ga baƙaƙen ƙwayoyi a jikin takarda. Wai asiri na yi mata.

Tun ranar Inna ba ta cin abincina. Kwanon yana dawowa yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba, kuma abin yana ci mini rai, domin matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Dauda kuwa ban da in yi haƙuri babu abin da ya iya. Mutanen da suka tsufa a lambu, a ce sun kasa gane irin alayyahu? Duhun kai ya yi yawa. In koma Yelwa har su waye?

Wadda Aka Yi wa Ƙazafi

Amsa

Ɗiyata, dabararki mai kyau ce, kuma Asama'u ba ta kyauta ba da ta kai labari ba ta tambaye ki ba. Iyakar abin da zan ba ki ke nan.

Yelwar da kike taƙama da ita, a can ma in aka tono takarda mai suna a ƙofar ɗaki, me ake kiranta? Kin sani sarai. Sunan da kunya ba ta barin bakinki ya faɗa, kin zauna kin zana shi da ja, kin faki ido kin tona ƙofar dattijuwa, sannan ita ce mai duhun kai. Wayar ta koya miki kirɓa takarda, ba ta gaya miki a garin da kike zaune ba. Inna ta san irin alayyahu tun ba a haife ki ba. Abin da ba ta sani ba shi ne dalilin da ya sa aka ɓoye mata.

Kada ki je ko'ina, tafiyarki za ta tabbatar da zancen. Ki sa Dauda a gaba, ya daina laɓewa bayan haƙuri. Ki durƙusa ki ba Inna haƙuri, ban da darasin aji. Ki ɗauki kati ɗaya, ki rubuta naki sunan, ki binne a taki ƙofar da rana tsaka kowa yana gani, ki yi ta ba shi ruwa har ya tsiro. Baɗi kuma ki ƙulla irin a ƙyalle, ki miƙa hannu da hannu.

Kwanon nan ki daina aikawa. Ki kai da kanki, ki zauna, ki fara kai loma a gabanta. Za ta iya kawar da kai yau da gobe, ki daure. Ranar da ta sa hannu, kada ki ce uffan, ki ƙara mata miya.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa ki ci nama a kwanonta Kirsimeti mai zuwa.