Sojan da Mahaifiyata Ke Jira a Gefen Farin Ƙyalle

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke aiko da motar majigi unguwanninmu na Zango, Kumasi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Sunana Mumuni, tela ne ni a unguwar Alabar, keken ɗinkina yana bakin hanyar da ke gangarawa kasuwa. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, da tsoro nake rubuta wannan. Mu 'yan Zango ko an haife mu a nan baƙi ake kiranmu, baƙo kuwa ba a son jin muryarsa ta yi sama. Abokaina sun ce in yi shiru kada a ce na zagi gwamnati. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsoron da ke kwana da ni a gida ya fi tsoron ofishinka, shi ya sa na ba masu jarida wannan takarda, don in ta ɓace a teburin akawu wani ya karanta maka ita.

Na ɗaya. Ba ƙin majigi nake yi ba. Duk ranar da motarku ta tsaya a fili aka ɗaura farin ƙyalle, da ni ake zuwa. Mun san kayan Ingilan nan da kuke kawo mana kamar yadda muka san tuwon gidanmu. Akwai Baturen nan mai tsani da ke faɗowa cikin bokitin fenti, wanda yara kan riga shi ihu tun bai taka matakin farko ba. Akwai manomin da tumakinsa suka fi jakunanmu ƙiba. Akwai jirgin ƙasa mai shiga rami ya fito. Washegari a bencin shagona babu wata hira sai tasu. Baba Alhassan mai goro, wanda ya riga mu fara kallo da shekaru, yakan rantse cewa a da mai tsanin nan yana da kare, yanzu an yanke karen daga hoton. Wani ya ce a'a, mai karen daban ne, mai gashin baki. A yi ta musu har azahar, ba wanda ya tuna daidai. Wani akawu da ya je Ingila ya dawo, yana kawo mini ɗinki, ya gaya mana cewa can yanzu akwati suke ajiyewa a ɗaki yana nuna musu hotuna, suna kiransa talabijin, kuma abin da suka gaji da gani shi ake naɗowa a aiko mana. Ban ji haushi ba. Talaka ya saba da gwanjo. Amma mai sayar da gwanjo yakan faɗa maka cewa tsohuwar riga ce.

Na biyu. Cikin kayan da kuke maimaitawa akwai hoton sojojin ƙasar nan na lokacin yaƙin duniya, suna tafiya a jere da bindigogi a kafaɗa, suna shigowa ta hagun ƙyalle suna fita ta dama. An gama yaƙin nan shekara goma ke nan. Amma tafintanku mai magana a lasifika bai sake baki ba. Abin da ya haddace tun lokacin shi yake faɗa har yau, da Turanci da Asantanci da Hausarsa ta kasuwa: "Ga jarumanku nan, suna nan lafiya lau, suna gaishe da iyayensu." Ba ya cewa hoton tsoho ne. Ba ya cewa an taɓa nuna shi. Mutane su yi tafi, shi kuma ya ji daɗi.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Ina da wa, Yakubu. Ɗan dako ne a tashar Kejetia kafin ya shiga soja, aka kai su yaƙi ƙasar Bama, can hayin teku, bai dawo ba. Wanda ya kawo mana labari shi ne Kofur Mahama, maƙwabcinmu da suka tafi tare. Ya ce zazzaɓi ne ya kashe shi a bakin wani kogi, kuma da hannunsa ya zuba masa ƙasa. Mahaifiyarmu, da duk unguwa ke kira Mma Zainabu mai koko, ta daɗe kafin ta yarda. Mun yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, duk da haka sai da aka shekara biyu tana ɗaga kai in ta ji takalmi a ƙofar gida. A hankali Allah ya sanyaya mata zuciya. Ta koma kan tukunyar kokonta da kaskon ƙosanta, tana zolayar 'yan dako, tana yi wa Yakubu addu'a irin wadda ake yi wa mamaci.

Mma ba ta taɓa zuwa majigi ba, tana cewa aikin marasa aiki ne. Bayan babbar sallar nan da ta wuce matan gidanmu suka ja ta da wasa, suka ce ta zo ta ga tumakin Bature. Ina ma ƙafata ta karye a ranar, da sun zauna jinyata. Da aka sako sojojin nan, akwai wani dogo a gefen layi da ke karkatar da kansa hagu in yana tafiya. Haka Yakubu yake tafiya, kayan dako ne suka mayar da wuyansa haka. Mma ta miƙe tsaye cikin mutane. A daidai lokacin tafintanku ya ce suna nan lafiya lau, suna gaishe da iyayensu. Da ƙarfi ta amsa masa, ta ce tana amsa gaisuwar.

Na zaunar da ita na yi mata bayani. Na ce hoto ne, tsoho ne, tun ana yaƙi aka ɗauka. Na kawo Kofur Mahama, mutumin da ba ya son a tayar masa da zancen Bama, ya dafa Alƙur'ani ya sake faɗa mata abin da ya gani. Ya ƙara da cewa mai ɗaukar hoton nan a barikin horo ya same su, tun ba su shiga jirgin ruwa ba, shi ya sa kowa a ciki yake da ƙiba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce: "Mahama, kai ji ka kawo mini, gwamnati kuwa gani ta kawo mini. Gani ya kori ji. Gwamnati za ta tara mutane a fili ta yi ƙarya ne?" Ranka ya daɗe, ka gaya mini amsar da zan ba ta.

Na huɗu. Tun daga ranar Mma take bin motarku. In ta ji kuna Aboabo ta tafi, in kuna Asawase ta tafi, ta bar kaskon ƙosai a kan wuta. Ba ta zama inda mutane ke zama. Ta lura sojojin ta dama suke fita, don haka can take tsayawa, a gefen dama na ƙyallen, inda wayoyinku suke kwance a ƙasa kusa da injin wuta. Tana riƙe da ƙosai a ganye, wai in ya fito ta ba shi, don ba ta san abin da suke ba su a can ba. In layin ya ƙare ba wanda ya fito, sai ta zaga bayan ƙyallen tana kiran sunansa. Ma'aikatanku sun san ta. Dariya suke yi, har sun sa mata suna uwar soja. A Asawase ta dafa injin cikin duhu, tafin hannunta ya saluɓe, har yau ba ta iya riƙe ludayi da shi. Ba wanda ya kashe injin, ba wanda ya ce mata sannu.

Hirar bencina ma, wadda a da nake jin daɗinta, ta zama mini masifa. Faifan majigin nan ya tsufa, yana tsinkewa, ana liƙa shi, kullum yana ƙara gajarta. Baba Alhassan, ba da mugun nufi ba, ya ce shi ya tuna a da akwai wurin da dogon sojan nan yake juyowa ya kalli mutane ya yi murmushi. Wani ya ce ƙarya ne, wancan hoton daban ne, mai giwaye. Wani ya ce shi a tunaninsa a ƙarshe ma sojojin gida suke dawowa, ana yi musu kiɗa. Kowa da guntun abin da ya tuna, kuma duk guntun da ya faɗi ƙasa sai ya kai kunnen Mma. Yanzu ta ce an yanke wurin da ɗanta yake juyowa don kada ta gane shi, kuma in ta bi motar har inda take kwana za ta ga sauran.

Na biyar. Makon jiya na rasa ta tun hantsi. Na rufe shago, na bi Adum, na bi kasuwa, har asibiti na leƙa, ina duba fuskokin da ba na son dubawa. Sai la'asar wani direba ɗan unguwarmu ya kawo mini ita. A tashar Race Course ya gan ta cikin lori mai zuwa Mampong, da ƙullin kayanta a cinya, don ta ji an ce motarku can ta nufa. Tsohuwa ce da ba ta gani sosai, Asantancinta bai wuce na ciniki ba. Da ba a dace da wanda ya san ta ba, ban san a wane daji za a sauke ta ba.

Yanzu ana ta faɗa a unguwa cewa da ƙarewar watan nan motar za ta yi arewa, Tamale da gaba, sai bayan damina za ta dawo. Mma ta ji. Ta wanke zannuwanta ta naɗe, ta sayar da babbar tukunyar kokonta. Na ce ba za ta je ba. Ta dube ni ta ce in na tare mata hanyar ɗanta ba za ta yafe mini nonon da na sha ba. Ni ba zan iya kulle mahaifiyata a ɗaki ba, ba kuma zan iya ɗaure ta ba. Ina ɗinki ina leƙen ƙofa, na lalata rigunan mutane. Duk lorin da ya taka birki da ƙarfi sai in miƙe in fito bakin hanya. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, tsoron a zo a ce mini in je in duba wata gawa a gefen hanyar arewa.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban ga ya fi ƙarfin ofishinka ba.

Ka sa tafintanku ya daina gaishe da iyaye da sunan matattu. In za a nuna tsohon abu, a faɗa da bakin da kowa ke ji cewa tsoho ne, an ɗauke shi tun zamanin kaza. Ba Mma kaɗai ce ta ba da ɗa ba. Daga nan har Tamale akwai iyaye mata irinta, kuma motarku can za ta.

Ka sa a kewaye injin da wayoyin da igiya, a kuma ja kunnen yaranku su san cewa tsohuwar da suke yi wa dariya uwar wani ce.

Roƙona babba shi ne wannan. Kafin motar ta tashi, ka ba mu izini mu zo ofishinka ni da Mma da Kofur Mahama, da rana, ba taro ba tafi. A nuna mata hoton a ɗaki mai bango huɗu, inda za ta ga babu wata hanya a dama da mutum zai fita. A buɗe gwangwanin da ake ajiye faifan a ɗora mata shi a hannu ta taɓa. Sannan wani babba mai kayan gwamnati, kai ko wakilinka, ya dube ta ya gaya mata shekarar da aka ɗauke shi. Bakin gwamnati ne ya ce mata ɗanta yana raye. Ni da Kofur mun yi iyakar ƙoƙarinmu, bakinmu bai kai ba. Bakin da ya ƙulla shi ne zai kwance.

Na san abin da nake nema. Ina neman a sake kashe mata ɗa a karo na biyu, a gabana, kuma ni na rubuta takardar. Na zaɓi in ga tana kuka a ɗakinta da in rasa inda zan je in yi mata addu'a, kamar yadda muka rasa na Yakubu.

Abu na ƙarshe. Akawun nan da ya je Ingila ya gaya mini cewa in aka kawo ƙara a kan faifai, ko ya tsufa da yawa, ƙona shi kuke yi. Don girman Allah kada takardata ta jawo haka. Na sha gaya wa Mma cewa dogayen sojoji masu karkataccen wuya suna da yawa, ba lallai shi ba ne. Amma ni ma na kalla, na sake kalla, kuma na san tafiyar wana. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ba mu san kabarinsa ba. Ku ajiye gwangwanin a inda ruwa ba zai taɓa shi ba, don nan ne kaɗai ya rage inda Yakubu yake tafiya da ƙafarsa.

Allah ya ƙara maka girma da adalci, ya ba ka ikon jin kukan na ƙasa da kai. In mahaifiyarka tana raye Allah ya bar maka ita cikin hankalinta, in ta rasu Allah ya sa ka san inda take kwance. Ina jiran amsarka a shagona, kowa a Alabar ya san wurin. In ka aiko ba a same ni ba, to, na bi ta hanyar arewa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mumuni tela, ɗan Mma Zainabu mai koko,
Alabar, Zangon Kumasi.